Baba, Hau In Rage Maka Hanya

A garinmu, Ɗorawar Tsakiya, ba a wuce dattijo a hanya. In kana bisa babur ka hango mai furfura yana tafe a ƙasa, komai saurin da kake yi sai ka taka birki, ka sauke ƙafa, ka ce, "Baba, hau in rage maka hanya." Shi kuma dattijon ba ya cewa a'a. In ya ce a'a, to akwai magana a ƙasa, kuma kafin magariba uban yaron zai ji, ya zauna yana tunanin abin da ya haɗa su. Haka muka tarar tun zamanin jaki da keke, sai dai a da jakin ɗaya ne a unguwa, keken ba su fi biyu ba. Tun da hukuma ta hana acaba a cikin birnin Kano, 'ya'yanmu da ke neman abinci a can suka tattaro suka dawo gida, kowa da babur ɗinsa. Masu dokar sun share ƙofar gidansu, sharar ta taru a tamu. Yanzu daga bakin masallaci zuwa bakin kwalta, inda ake shiga motar Minjibir da ta Kano, tafiyar awa guda ce ga mai ƙafa, amma kafin bana na yi shekaru ban ga tsohon da ya taka ta ba.

Mati sa'ana ne, rana ɗaya wanzami ya zaunar da mu. Manomi ne na gaske, gero da dawa da gyaɗa, kuma a ƙuruciyarsa da ƙafa yake kora jakai zuwa kasuwar Ɗanbatta. Amma tun da matarsa Furera ta rasu ya zama mutumin tabarma. Noma sai 'yan ƙwadago, shi yana gindin bishiya yana nuni da sanda. Jiki ya yi nauyi, ƙishirwa ta ƙi ƙarewa. A farkon bazarar bana ɗansa na fari, Abdulkabir, mai gyaran kwamfuta a Kano, ya zo da mota ya kai shi asibiti a Minjibir. Ni na raka su.

Malamar asibitin, Tahira sunanta, ta soki yatsansa, ta ɗiga jinin a kan wata 'yar na'ura. Ta dubi lambar da ta fito, ta dubi Mati.

"Baba, sukari ne, kuma ya hau da yawa. Ga magani za ka riƙa sha. Amma magani shi kaɗai ba zai iya ba, sai ka motsa jiki."

"In motsa shi zuwa ina?"

"Tafiya, Baba. Awa guda kullum, a ƙafa. Rabi da safe, rabi da yamma."

"Wurin wa zan je?"

"Ba wurin kowa ba. Ka tafi kawai, ka dawo."

Mati ya juyo gare ni. "Sama'ilu, ka ji fa. A garinmu wanda ke tafiya ba wurin kowa ba, marin mahaukata ake sa masa."

Malamar ba ta yi dariya ba. Ta ce ta ba shi kwana arba'in. In ya dawo lambar ba ta sauka ba, sai allura, safe da yamma. Ruwan allurar yana son sanyi, kuma yana son mai ido ya auna shi daidai, don in ya yi yawa shi ma kisa ne.

Abdulkabir ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ka gafarce ni. A gida ba wuta, ba firji, kuma idonka ba ya ganin rubutun jikin allura. In aka kai ga haka, Kano za ka dawo wurina."

"Randa ba ta sanyi?"

"Ko randa ta riƙe sanyi, wa zai auna ya yi maka? Ni ba zan iya barci ba, Baba."

Na dubi Mati. Na ga yana taɓa gaɓoɓin yatsunsa da babban yatsa, na san abin da yake dubawa. Kwana arba'in zai faɗo daidai ruwan shuka. Shekara sittin da wani abu, ba a taɓa jefa iri a gonar ubansa ba sai yana tsaye a wurin.

Kafin Abdulkabir ya koma ya ɗaura wa ubansa wani baƙin agogo a hannu. Ya ce wannan ba lokaci kaɗai yake nunawa ba, yana ƙirga takun mutum. Agogon zai gaya wa wayar da ke aljihun Mati, wayar ta gaya wa tasa a Kano. Taku dubu shida ake so kullum. Ni dai abin da ba ya cin tuwo amma yana kai rahoto, ban taɓa yarda da shi ba, amma ba a tambaye ni ba.

Da motar ta tafi, Mati ya kama hannuna. "Amana, Sama'ilu. Kada kowa ya ji. Ni da na kora jakai zuwa Ɗanbatta, a ce yau yarinya ce ke koya mini tafiya?"

Na ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya ce, "Ba wanka zan yi ba. Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?"

Na ɗauka. Wannan shi ne kuskurena, kuma ban ɗora wa kowa ba.

Washegari da hantsi ya fito da sandarsa, ya kama hanyar kwalta. Bai wuce rijiyar burtsatse ba sai ga ɗan gidan liman a babur.

"Baba, ina kwana? Ina zuwa haka a ƙasa?"

"Nan gaba kaɗan."

"Haba Baba, muna raye? Hau in rage maka hanya."

"Ai ba nisa."

"To ai shi ya sa, ba za ka ɓata mini lokaci ba. Hau."

Ya hau. Yaron ya ce ina za a sauke shi, Mati ya rasa abin faɗa, ya ce bakin kwalta. A can ya zauna a bencin mai shayi kamar mai jiran baƙo, ya bari yaron ya ɓace, ya miƙe zai taka zuwa gida. Taku nawa ya yi? Wani ya dawo daga kai mata kasuwa, babu kowa a bayansa. "Baba, hau." Kafin rana ta take yana kan tabarmarsa, ƙafarsa ko ƙura ba ta yi ba.

Da yamma ya sake gwadawa ta hanyar burtali, inda shanu ke bi tsakanin gonaki. Amma ƙasarmu ba daji ba ce. Ba ka fita daga ƙofar wani ba sai ka shiga ta wani, kuma babu burtalin da babur bai mayar da shi titi ba. Haka aka ɗauko shi aka dawo da shi, har yaron yana yi masa faɗa a hankali, wai in yana da aike ya riƙa turowa.

Ranar muna majalisa a gindin darbejiya bayan la'asar, sai Yahya ya kawo labarin birni. Yahya magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, yana cikin waɗanda doka ta koro, kuma ɗan Muhammadu Sani ne, wanda gonarsa ta haɗa iyaka da ta Mati.

"Wallahi na gani da idona," in ji Yahya. "Ɗaki ne guda, ga madubi ta ko'ina. Alhazai da tumbi su hau wani inji su yi ta gudu, suna gumi, ba sa zuwa ko'ina. Wai motsa jiki."

Muhammadu Sani ya tuntsire da dariya. "Ƙoshi ne. Wanda ya ƙoshi shi ke neman inda zai zubar da ƙarfi. A kawo mini su gona, in ba su garma, su motsa har su gode Allah."

"Har da masu yawo a gefen titi da sassafe, Baba, suna wurga hannu kamar sojan da ya ɓata."

Aka yi ta dariya. Wani ya ce ai hukumar da ta hana babur ita ya kamata ta hana wannan, wani ya ce hukuma ba ta hana abin da manya ke yi. Na saci kallon Mati. Ya ja hannun rigarsa ya rufe agogon.

Sai ga waya daga Kano, Mati ya tashi ya koma gefe, ni na bi shi. Muryar Abdulkabir har tana rawa don murna.

"Baba, sannu da ƙoƙari! Dubu tara da ɗari uku! Ka wuce abin da aka ce."

Mati ya dubi agogon, ya dube ni. Ya ce, "To, madalla."

Mun daɗe kafin mu gane. Hanyarmu ta zuwa kwalta ramuka ne da tudu, wanda ya hau bayan babur sai ya riƙe haƙoransa. Duk girgizar da babur ya yi, agogon sai ya rubuta taku. Shi bai san ƙafa ba, bai san taya ba, girgiza ya sani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ko ga mutum ko ga ƙarfe.

Na ce, "Ka gaya wa yaron gaskiya."

Ya ce, "In gaya masa me? Na fita da niyyar tafiya, Allah ya gani. Abin da suka ɗaura mini ya ce na yi. Ni ne zan ƙaryata na'urar bature?"

"Na'ura ba ta da jini, Mati. Jiki magayi."

"Na gaji, Sama'ilu. Bari in huta da bakin mutum ɗaya."

Haka aka yi mako uku. Kullum ya fita, kullum a rage masa hanya, kullum agogo ya kai rahoton alheri Kano. Yaran garin har suka saba, suna cewa Baba Mati ya zama mai son shan iska. Amma ƙishirwar ba ta ragu ba. Tafin ƙafarsa ya fara yi masa kamar yana taka ƙaya, yana tashi fitsari ba adadi. Wata safiya na same shi zaune a ƙofar gida yana kallon gabas, inda sama ta fara canza launi.

"Saura kwana goma sha tara," in ji shi. "Yau zan taka, ko wa zai mutu."

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ban faɗa masa ba, don na ga ya riga ya sani.

Ƙaddara ta sa wanda ya fara cin karo da shi ranar Yahya ne.

"Baba, barka da hantsi. Hau in rage maka hanya."

"Je ka, na gode."

Yahya ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. "Haba Baba, hau mana."

"Na ce ka je."

"Ko na yi wani laifi ne?"

"Kai, yaro, ba ka jin Hausa? Ba zan hau ba."

A gaban masu ɗiban ruwa aka yi wannan. Yahya ya tsaya da baki buɗe, sannan ya ja babur ɗinsa a hankali, ko waiwaye bai yi ba.

Mati ya ga in ya ci gaba a hanya sai ya ɓata da gari duka kafin azahar. Sai ya yi dabara, ya ratse ya shiga gonarsa. Gona tasa ce, ba babur a ciki, ba mai tambayar mutum me ya kai shi gonarsa. Ya kama gefe, ya bi iyaka yana zagayawa. In ya kai kusurwa sai ya tsaya, ya ɗaga hannu kusa da ido, ya dubi agogon ya ga nawa ya samu, ya ci gaba. Ya yi haka da safe, ya yi da yamma. Kwana uku yana yi, kuma ya ce mini ya fara jin iska a ƙirjinsa.

To ga abin da ya manta, ko ya tuna ya ƙi kulawa. Shekara shida da suka wuce shi da Muhammadu Sani sun yi rigima a kan kunya biyu ta gefen yamma, kowa ya ce ta ubansa ce. Sai da mai unguwa ya shiga, aka ba kowa ɗaya, aka dasa ciyawar gamba a tsakani, aka yi fatiha. Tun daga nan suke zama majalisa ɗaya, amma irin wannan miki ko ya warke, tabon yana jin sanyi. Kuma a 'yan shekarun nan mun sha ganin mutanen birni suna zuwa da wata na'ura a hannu, su bi iyakar gona, su tsaya a kowace kusurwa su duba, bayan wata biyu a ga an kafa turaku.

Muhammadu Sani ya tsaya a bayan gamba ya ga maƙwabcinsa yana bin iyaka, yana tsayawa a kusurwa, yana duba wani baƙin abu a hannu. Ya haɗa da abin da aka yi wa ɗansa a rijiya. Ruwa ba ya tsami banza. A rana ta huɗu aka aiko mai unguwa yana kiran Mati, ni ma aka ce in zo, tunda ina cikin shaidun dasa gamba.

Zauren ya cika. Muhammadu Sani bai jira an gama gaisawa ba.

"Ranka ya daɗe, a tambaye shi. Me yake aunawa? In sayarwa zai yi, ni ne maƙwabci, ni ya kamata in fara ji. In kuma kunyar nan ce bai haƙura ba, ya faɗa a gaban mutane. Ɗansa ya kawo masa na'ura daga Kano, kullum suna waya. Ɗana ya tsaya zai ɗauke shi don girmamawa, ya kore shi kamar kare a gaban mata."

Mai unguwa ya ce, "Malam Mati, ka ji."

"Ba na auna komai."

"To me kake yi?"

"Zagayawa nake."

"Zagayen me, ba shuka, ba ciyawa?"

Mati ya ja hannun riga ya rufe agogon.

"Abin hannun naka fa?"

"Agogo ne."

Muhammadu Sani ya ce, "Agogo! Lokaci yana canzawa ne daga kusurwa zuwa kusurwa? Mati, tare muka tsufa, kada ka mai da ni yaro."

Na dubi Mati, na roƙe shi da ido. Kalma huɗu za ta kashe wutar nan. Ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani. Mutanen da suka yi dariyar alhazai masu gudu ba sa zuwa ko'ina, su ne zaune a zauren, ba wanda ya ragu. Na buɗe baki, amana ta rufe shi. Kunya biyu suka haɗu a kan Mati ranar, ta gona da ta ido, kuma ta idon ta fi nauyi.

Mai unguwa mutum ne mai son zaman lafiya. Ya ce tunda Malam Mati ya ce ba komai, an yarda ba komai. Amma don zuciya ta kwanta, ya bar zagayen gona har ruwa ya sauka. Kuma yanzu, a gaban kowa, Yahya ya kawo babur ya kai Babansa Mati gida, don gari ya ga ba gaba.

Daga zauren mai unguwa zuwa gidan Mati, in ka yi jifa da dutse sai ya wuce. Ya hau. Aka yi fatiha, kowa ya ce alhamdulillahi, an kashe fitina.

Bayan haka bai ƙara musu da kowa ba. Ya gwada zagaya tsakar gidansa, amma taku goma sha biyu ne daga rumbu zuwa bango, kansa ya riƙa juyawa, ya bari. In ya fita aka ce hau, sai ya hau. Yahya kuwa, don ya nuna ya huce, ya mayar da kansa direbansa. Da ya hango shi ya fito sai ya taho da gudu, kada wani ya riga shi lada.

Ranar arba'in Abdulkabir ya zo da fara'a, muka koma Minjibir. Malama Tahira ta soki yatsa, ta ɗiga jini. Ta daɗe tana kallon lambar. Ta sake sokin wani yatsan.

"Ya ƙaru," in ji ta.

Abdulkabir ya zaro waya. "Ba zai yiwu ba, Malama. Duba nan. Dubu tara, dubu goma, ga ranar da ya yi dubu goma sha ɗaya. Kwana uku ne kawai ya yi ƙasa, su ma ya kusa dubu shida."

Kwana ukun nan su ne na zagayen gona. Su kaɗai ne na gaskiya a cikin arba'in.

Malamar 'yar ƙauye ce irinmu, daga wajen Ɗanbatta. Ba ta dubi wayar sosai ba. Ta ja kujera ta zauna daidai da Mati, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, a ƙafa, ko an rage maka hanya?"

Mati ya dubi tafin hannunsa. "'Yata, a garinmu ba a wuce dattijo."

Abdulkabir ya dubi ubansa, ya dubi wayar, ya mayar da ita aljihu. Malamar ta ɗauko allura ta fara nuna masa yadda ake aunawa. A hanyar dawowa da muka sauka daga kwalta, motar ta fara faɗawa ramuka. Mati ya dubi agogon ya ce, "Ga shi nan ya fara ƙarya."

Aka sa tafiya jibi. Washegari bayan la'asar Mati ya zo majalisa, bai zauna ba. Ya tsaya ya dogara da sanda, ya naɗe hannun riga, ya nuna agogon. Ya faɗa musu duka, da sukarin, da tafiyar da ba wurin kowa ba, da allura, da Kano. Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi sauƙi.

Muhammadu Sani ya cire hula ya riƙe a hannu. "Mati, wannan ne? Saboda wannan ka bar ni na tara maka jama'a?"

"Saboda shi ne."

"Kai dai an yi tsohon banza. Da ka faɗa, ai da ni zan riƙa raka ka. Ni ma ƙafar tawa kumbura take."

"Kai ne ka ce ƙoshi ne."

"Ni na san da kai nake? Ai magana ce ta majalisa." Ya mayar da hular, ya cire kuma. "Gonar fa?"

"Ga ta nan."

"Zan shuka maka. Har kunyar taka, ba zan taɓa gamba ba."

"Na sani," in ji Mati. "Gero a tudu, gyaɗa ta gefen burtali. Kada ka sa dawa a yamma, ba ta yi."

Da safe aka sa kayansa a mota, ba su da yawa, akwati ɗaya da buta da buzun salla. Abdulkabir ya buɗe masa ƙofar gaba. Mati ya ja ƙyauren gidansa, ya miƙa mini makulli.

"Ka gaya wa wancan na birni ya je ya jira ni a kwalta," in ji shi, don ba ya kama sunan ɗan fari ko a ranar irin wannan. "Da ƙafata zan fita daga garin nan."

Abdulkabir bai tafi ba, ya biyo mu a baya da motar, a hankali kamar mai bin gawa. Ni da Mati muna gaba. Hadari ya taso daga gabas, iska tana kawo ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani gari. A gonaki mutane sun fito da sungumi suna duban sama.

Babur na farko ya taho, ya rage gudu, yaron ya sauke ƙafa don sabo. Ya buɗe baki, ya tuna, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba," ya wuce. Na biyu ma haka. Wajen rijiyar burtsatse Yahya ya iso. Shi bai wuce ba. Ya kashe injin, ya sauko, ya kama ƙahon babur yana turawa a gefenmu, gumi yana zubo masa. An ce zumunta a ƙafa take. Mun daɗe ba mu gwada ba, shi ya sa ta yi mana nauyi.

Mati ya tsaya sau uku yana haki. Da muka zo daidai gonarsa bai tsaya ba, bai kuma juya kai ba. Muhammadu Sani yana can tsaye a bakin gamba, ya ɗaga hannu, Mati ya ɗaga sanda.

Mun kai kwalta rana ta ɗaga. Ya kawo agogon kusa da ido, ya daɗe yana dubawa.

"Dubu shida da ɗari biyu," in ji shi. "Ashe daidai awon ne. Tun farko hanyar tana nan."

Ya ba ni hannu, ya ba Yahya, ya shiga mota. Muka tsaya har ta sha kwana. Ɗigon farko ya faɗo a kan kujerar babur, Yahya ya share da tafin hannu. Ya dube ni, ya dubi hanyar da muka biyo.

"Baba Sama'ilu," ya ce, "ko kai ma likita ya hana?"

Gwiwoyina suna zafi, ga ruwa yana zuwa, ga ubansa zai ji in na ce a'a.

"Ba wanda ya hana ni," na ce.

"To hau in rage maka hanya."

Na hau.